An Ce Za Ta Fito, Har Yau Shiru: Tambayoyi da Amsoshi kan Jinkirin Buɗaɗɗun Manhajoji

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga bakin mutanen da ke amfani da Linux (tsarin tafiyar da kwamfuta), GIMP (ta gyaran hoto), VLC (ta kunna bidiyo da sauti), LibreOffice (ta aikin ofis) da makamantansu, musamman idan an sa ran fitowar sabuwar siga sai aka ji shiru. Wasu sun yi tambayar cikin fargaba, wasu cikin fushi. Na jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, na kuma sa musu lamba domin amsoshin suna jingina da juna.

1. Su wane ne ma suke yin waɗannan manhajoji, har za su riƙa jinkiri yadda suka ga dama?

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun tushenta a fili, kowa yana da izinin ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Wasunsu akwai kamfani a bayansu, kamar nau'o'in Linux irin su Ubuntu da ke ƙarƙashin Canonical, ko Fedora da Red Hat ke ɗaukar nauyinta. Wasu kuwa aikin gayya ne zalla. Debian, wani nau'in Linux da Ian Murdock ya kafa a 1993, ba ta da mai gida. 'Yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban suke zaɓen shugabansu duk shekara. GIMP ɗalibai biyu ne suka fara ta a jami'ar Berkeley a 1995, kuma har yau mutanen da ke ɗauke da nauyin ainihin aikinta ba su da yawa.

Da yawa daga cikin waɗannan mutane sai sun tashi daga wurin neman abincinsu, sun sallami iyali, sannan su zauna da dare su duba aikin. Wanda ya san gayyar noma ya san ba a yi wa mahalarta tsawa don rana ta yi ba a gama kunya ba. Wannan ba ya nufin ba su da alhakin komai a kanmu, kuma na yi magana a kan hakan a tambaya ta 12.

2. An ce za ta fito a wata kaza, watan ya wuce. Aikin ya mutu ke nan?

A mafi yawan lokuta a'a. Debian ta fitar da siga ta 3.0 a Yulin 2002, ba ta sake fitar da wata ba sai Yunin 2005, kusan shekara uku. A tsakanin nan an yi ta yi mata ta'aziyya, har Ubuntu ta ɓullo a Oktoban 2004 da alƙawarin fitowa duk wata shida. Ga shi Debian ta fitar da siga ta 12 a Yunin 2023, ta 13 kuma a Agustan 2025, ita kanta Ubuntu a kanta take tsaye har gobe. Slackware, ita ma nau'in Linux ce wadda Patrick Volkerding ke riƙe da ita tun 1993, ta yi sama da shekara biyar tsakanin 14.2 ta 2016 da 15.0 ta Fabrairun 2022, kuma duk tsawon lokacin ana aiki a cikinta. Akwai dai manhajojin da suke mutuwa da gaske, alamominsu na tambaya ta 6.

3. Me ya hana su faɗi rana ɗaya su tsaya a kanta?

Hanya biyu ce ake bi. Akwai masu bin kalanda: Ubuntu tana fitowa a Afrilu da Oktoba, LibreOffice a Fabrairu da Agusta, ita kuma zuciyar Linux, wato kanel, duk bayan mako tara ko goma. A wannan tsari ranar ce ba ta motsi. Duk abin da bai nuna ba sai a ajiye shi ya bi ayari na gaba. Akwai kuma masu cewa sai ta nuna za a sauke, irin Debian da GIMP. Su abin da suka ƙudurta ne ba ya motsi, rana kuwa tana iya ja da baya.

Ko masu bin kalandar ma suna ɗagawa idan ta kama. Ubuntu ta 2006 a watan Afrilu ya kamata ta fito, aka ƙara mako shida, shi ya sa lambarta ta zama 6.06. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro kanel ɗin Linux, yakan ƙara mako guda na gwaji idan bai gamsu da yadda kanel ta kwanta ba. Fedora ma kafin kowace fitowa sai an yi zama na musamman an yanke hukunci: a saki ko a dakata. Idan ka ji mai aikin sa-kai ya ambaci wata, ka ɗauke shi a matsayin fata, domin bai san ko mako mai zuwa ɗansa zai kwanta asibiti ko aikin ofis zai danne shi ba.

4. To me suke yi a watannin ƙarshen nan da ake ganin kamar komai ya tsaya?

Nan ne aiki ya fi nauyi, kuma nan ne ya fi rashin daɗi. Akan rufe ƙofa, a daina karɓar sabon abu, a koma farautar tangarɗa kawai. A Debian wannan rufewar mataki-mataki ce. Ta siga ta 12 ta fara a Janairun 2023, ba a saki sigar ba sai 10 ga Yuni. Suna da jerin tangarɗun da suka ce ba za a fita da su ba, irin waɗanda ke lalata bayanan mutum, ko su hana kwamfuta tashi, ko su buɗe ƙofa ga masu kutse. Kowa yana iya duba adadinsu. Sai ya sauko ƙasa sosai ake sa rana. Manhajar da aka rasa mai gyara ta kuwa sai a cire ta daga ayarin gaba ɗaya.

Sau da yawa abu ɗaya ne yake riƙe dubban abubuwa. Fedora 18 an yi niyyar sakinta a Nuwamban 2012, amma aka yi ta ɗagawa har tsakiyar Janairun 2013, babban dalili kuwa shi ne an sake rubuta manhajar da ke girka tsarin a kwamfuta, Anaconda. Idan mai girkawar ba ta da lafiya, tana iya share wa mutum rumbun ajiyarsa tun kafin ya ga fuskar sabon tsarin. Fedora 37 kuma an riƙe ta ne a ƙarshen 2022 don a jira gyaran wata ɓaraka a OpenSSL, manhajar da ke ɓoye bayanan da ake aikawa ta intanet. Ta fito ranar 15 ga Nuwamba.

5. Kwamfutata tana cikin haɗari ne muddin sabuwar ba ta fito ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar damuwa, kuma amsarta ta fi kwantar da hankali. Sabuwar siga daban, gyaran tsaro daban. Sigar da kake amfani da ita tana ci gaba da karɓar gyare-gyaren tsaro ko da ƙanwarta ta yi shekara tana jinkiri. Debian tana kula da kowace siga kimanin shekara uku, sannan wata tawaga ta karɓa ta cika shekara biyar. Sigogin Ubuntu masu dogon zango, waɗanda ke fita a Afrilun kowace shekara biyu kamar 22.04 da 24.04, suna da shekara biyar na kulawa kyauta. VLC 3.0 ta fito a Fabrairun 2018, mutane suka shekara da shekaru suna jiran ta 4, amma a duk lokacin ana ta fitar da ƙananan gyare-gyare na 3.0 ɗin.

Abin da ya kamata ka bincika shi ne ranar da za a daina kula da sigar da ke hannunka. Wannan ranar ce ta shafe ka kai tsaye. Kuma ka tabbata kana sauke gyare-gyaren. Na san tsadar data tana sa mutane su kashe sabuntawa su manta. Wanda ya yi wata takwas bai sabunta ba ya fi shiga haɗari nesa ba kusa ba a kan wanda yake zaune a tsohuwar siga yana sabunta ta duk mako.

6. Yaya zan gane jinkiri ne kawai ko kuwa an yi watsi da aikin?

Kada ka tsaya a shafin farko na manhajar, domin masu rubuta kod ba su cika damuwa da sabunta shi ba. Nemi ma'ajiyar tushenta, galibi a GitHub ko GitLab, ka duba ranar da aka yi canji na ƙarshe. Ba sai ka iya karanta kod ba, kwanan wata kawai za ka duba. In ka ga canje-canje na wannan mako ko wannan wata, daga hannun mutum fiye da ɗaya, to ana raye. Sannan ka leƙa wurin da ake kai ƙorafin tangarɗa: ana amsa wa mutane? Ana rufe wasu ƙorafe-ƙorafen da cewa an gyara?

Alamar da ta fi tayar mini da hankali ita ce a ba da rahoton ɓarakar tsaro a yi watanni babu wanda ya tanka. Ta biyu, a ce mutum ɗaya tak ke da mabuɗin komai, shi kuma ya ɓace. Amma ka lura, akwai ƙananan manhajojin da suka gama girma, aikinsu ɗaya ne kuma suna yin sa daidai, don haka shekara biyu babu canji a cikinsu ba abin tsoro ba ne. In alamun sun nuna an watsar da gaske, duba tambaya ta 15.

7. Me zai sa manhaja ɗaya ta ci shekara bakwai?

GIMP ce misalin da kowa ke kawowa. Siga ta 2.10 ta fito a Afrilun 2018, ta 3.0 kuwa sai Maris na 2025. Abin da ya cinye shekarun ba ya ganuwa a ido: sai da aka ɗauke manhajar gaba ɗaya daga tsohon harsashin da ke zana tagogi da maɓallai, GTK 2, aka mayar da ita kan GTK 3, aka sake fasalin hanyar da ƙananan manhajojin ƙari ke magana da ita, aka kuma shigo da gyaran hoto wanda ba ya taɓa asalin hoton, ta yadda za ka iya cire wani tasiri da ka sa tun jiya ba tare da ka rushe aikin yau ba. Kamar a ce za a canza harsashin gida ne alhali mutane na kwana a ciki. Kuma a duk wannan lokaci ba su bar 2.10 ba, sun yi ta gyara ta har zuwa 2.10.38 a 2024.

Akwai waɗanda suka fi haka. An sanar da Perl 6, wani harshen rubuta manhaja, a shekarar 2000, ba ta fito ba sai Disambar 2015, kuma ta sauya kama har aka canza mata suna zuwa Raku a 2019. PHP 6 kuwa, sigar wani harshen rubuta manhaja na daban, ba ta taɓa fitowa ba. An ajiye aikin a 2010, aka tsallake lambar zuwa 7 a 2015. Inkscape, manhajar zane, ta fara a 2003, amma sai 2020 ta kira kanta 1.0, alhali mutane sun daɗe suna cin abinci da ita. Lambar siga ba ita ce ma'aunin amfanin manhaja ba.

8. Me zai hana su saki abin da ke hannu, in ya so a gyara daga baya?

An taɓa gwadawa. A Janairun 2008 aka saki KDE 4.0, sabuwar fuskar tebur da aka daɗe ana ɗoki. Masu aikin sun ce ta masu gwaji ce da masu rubuta manhaja, amma jama'a suka ga lamba 4.0 suka ɗauka an gama. Abubuwan da aka saba da su a 3.5 babu su, tana yawan faɗuwa, mutane da dama suka yi ƙaura, har shi Torvalds ya koma wata fuskar tebur, GNOME, a lokacin. Sai wajen 4.2, bayan shekara guda, ta zama abin da za a miƙa wa kowa, amma sunan da ya ɓaci ya daɗe bai gyaru ba. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya jira wata uku yakan manta da jiran ranar da abin ya zo. Wanda sabuwar siga ta cinye masa aikin digirinsa ba ya mantawa.

9. In matsalar ƙarancin hannu ce, a ƙara mutane mana, ko a biya su.

Ƙarin hannu yana taimako idan ya zo da wuri. Idan ya zo a ƙurarren lokaci yakan ƙara jinkiri, domin ƙwararrun da ya kamata su gama aikin su ne za su koma koyar da sababbin zuwa. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a IBM, ya rubuta wannan tun 1975, kuma har yau ba a ƙaryata shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗi ma yana da nasa sarƙaƙiyar. A 2006 wasu 'yan Debian suka kafa wani shiri mai suna Dunc-Tank don a biya mutum biyu masu jagorantar fitarwa, kowanne na wata guda, da nufin siga ta 4.0 ta fito a Disamba. Abin ya raba kan jama'a; wasu suka ga ba adalci a biya mutum biyu alhali ɗaruruwa na yi kyauta, har wasu suka sassauta nasu aikin. Sigar ba ta fito ba sai Afrilun 2007. Duk da haka ni ina ganin rashin kuɗi ya fi yawansa illa. Lokacin da ɓarakar Heartbleed ta bayyana a Afrilun 2014 ne duniya ta farga cewa OpenSSL, wadda bankuna da manyan kamfanoni suka dogara da ita, mutane ƙalilan ne ke riƙe da ita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Blender kuwa, manhajar zanen 3D, da ta samu asusun tallafi mai ɗorewa ta ɗauki ma'aikata na dindindin, kowa ya ga yadda ta miƙe.

10. Na gaji da jira. In ɗora sigar gwaji?

Ɗora, amma ba a kan kwamfutar da kake neman abinci da ita ba. Na taɓa ganin abin da idona a wani ɗan shagon buga takardu: mai shagon ya ɗora sigar gwaji ta tsarin da yake amfani da shi ranar Alhamis da dare saboda ɗokin sabon fasali. Da safe firinta ta ƙi amsawa. Ga ɗalibai a tsaye da filasha a hannu, kowa na son ya miƙa aikinsa kafin a tafi masallaci, ga janareta na cin mai. Sai bayan la'asar muka samu muka mayar da tsohon tsarin, ranar kuwa ta tafi. Manhajar ba ta yi masa ƙarya ba, an rubuta ƙarara cewa ta gwaji ce.

Hanya mai aminci ita ce ka sa ta a filasha ka tayar da kwamfutar daga can ba tare da ka girka ba, ko ka gwada ta cikin kwamfutar kwaikwayo irin VirtualBox, ko a wata tsohuwar na'ura da ba ka damu da ita ba. Ka gwada abubuwan da rayuwarka ta rataya a kansu: firinta, wayafai, sauti, haruffan ƙ da ɗ da ɓ, da fayilolinka na kullum. Sigar da aka kira 'yar takarar fitarwa ta fi ta farkon gwaji kwanciya, GIMP 3.0 sai da ta yi irin wannan har uku daga Nuwamban 2024. In kuma manhaja ɗaya ce kawai kake son sabuwarta, hanyoyin girka manhaja irin Flatpak ko AppImage za su ba ka ita ba tare da ka taɓa sauran tsarin ba. Kafin komai dai, kwafe bayananka zuwa wani wuri.

11. Laifi ne in tambaye su yaushe za ta fito?

Tambaya ba laifi ba ce. Amma ka fara dubawa ko an riga an amsa, domin mai yiwuwa kai ne na ɗari da ya yi ta a wannan mako, kuma duk mintin da aka ɓata wajen amsa ta an cire shi ne daga gyaran da kake jira. Tambaya mai amfani ita ce: me ya rage, kuma da me zan taimaka?

Abin da nake roƙo a guje shi shi ne matsin lamba da gori, kuma ina da dalili mai nauyi. Akwai wata 'yar manhajar matse fayiloli mai suna xz da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita kyauta. A 2022 wasu sunaye suka dame shi da saƙonni cewa aiki ba ya tafiya, gyare-gyare sun kwanta, ya miƙa wa wani. A gefe guda ga wani mai amfani da sunan Jia Tan yana ta taimako cikin ladabi. Sannu a hankali aka ba shi amana, har ya samu ikon fitar da siga. A sigogin 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta iya ba wa mai ita damar shiga manyan kwamfutocin duniya. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya bankaɗo ta a ƙarshen Maris na 2024, bayan ya lura shiga wata na'ura na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba.

Abu biyu nake so a riƙe daga nan. Ƙorafin jinkiri shi ne makamin da aka yi amfani da shi aka raunana mai amana. Sannan gubar ta isa sigogin gwaji da masu saurin sabuntawa ne. Debian 12 da sauran tsayayyun sigogi, waɗanda ake yi wa gorin tsufa, ba ta kai gare su ba. Ubuntu ma sai da ta ɗaga sigar gwajin 24.04 da mako guda don ta sake gina kayanta.

12. Wato su ba sa laifi ke nan, kullum mu ne marasa haƙuri?

Suna yi, kuma babban laifinsu shi ne shiru. Red Hat ta saki siga ta 6 ta Linux ɗinta a Nuwamban 2010. CentOS, wadda aikinta shi ne ta sake gina wannan sigar ta raba kyauta, ba ta fitar da tata ba sai Yulin 2011, wata takwas, alhali Scientific Linux mai irin wannan aiki ta fitar tun Maris. Abin da ya fi ƙona ran masu amfani da ita shi ne aikin yana hannun mutane kaɗan, ba a ganin inda aka kwana, masu son taimakawa kuma ba su samu ƙofa ba. Mutumin da ke da kwamfutocin ofis hamsin yana da haƙƙin ya san ko zai jira mako biyu ne ko wata shida.

Lasisin waɗannan manhajoji ya faɗa a sarari cewa babu garanti, don haka a shari'ance ba ka bin kowa bashi. Amma wanda ya ce wa jama'a ku dogara da ni ya ɗauki amana, kuma kyan alƙawari cikawa. In ba zai cika ba, layi uku na bayani sun wadatar. Ayyukan da ke wallafa jerin abin da ya rage, kowa na gani, ba su cika shan zagi ba ko da sun makara.

13. Ban iya rubuta kod ba. Akwai abin da zan yi ya rage jiran?

Akwai, kuma yana da yawa. Gwaji shi ne kan gaba (bi hanyar tambaya ta 10). Yawancin masu rubuta manhajar nan suna aiki ne da sababbin na'urori da intanet mai ƙarfi. Tsohuwar laftof ɗin da ka saya ta hannu, da intanet mai yankewa, suna iya tono tangarɗar da su ba za su taɓa gani ba. In ka samu, rubuta rahoto mai kyau: sigar da kake kai, irin na'urarka, abin da ka danna bi da bi, abin da ka zata zai faru, da abin da ya faru. Cewa kawai ba ta aiki ba ya kai kowa ko'ina. Haka nan za ka iya ɗaukar tsohon rahoton wani ka gwada ka ce har yanzu matsalar na nan ko ta tafi.

Sai fassara. Kafin a saki siga akan tsayar da canza kalmomin da ke fuskar manhaja don masu fassara su cim ma, kuma Hausa na cikin harsunan da ke da gibi babba a yawancin waɗannan ayyuka. Wannan gibin ba wanda zai cike mana shi daga Jamus. Wanda kuma Allah ya hore masa, ɗan tallafi na wata-wata, komai ƙanƙantarsa, ya fi kyauta mai tsoka ta lokaci ɗaya, saboda da shi ake iya yin lissafi.

14. Ina kula da kwamfutocin makaranta. Yaya zan tsara aikina alhali ban san ranar fitowa ba?

Kada ka gina shirinka a kan sigar da ba ta fito ba. Zaɓi wadda take hannu kuma take da sauran shekarun kulawa (tambaya ta 5), ka rubuta ranar ƙarewarta a inda za ka riƙa gani, ka fara shirin ƙaura tun saura shekara guda. Idan sabuwa ta fito ma kada ka yi rige-rige. Ita kanta Ubuntu ba ta tayin ƙaura ga masu sigar dogon zango sai gyararren bugu na farko ya fito, bayan 'yan watanni. Ka yi canjin lokacin hutu, ka fara da kwamfuta ɗaya, ka bar ta mako biyu a hannun ɗalibai. Ka sauke sau ɗaya ka raba da filasha don tattalin data. In kuma aikinka ba ya jure rashin tabbas ko kaɗan, to ka nemi mai sayar da tallafi da yarjejeniya a rubuce, domin wanda ya ci ladan kuturu shi ne dole ya yi masa aski.

15. Yaushe ya kamata in haƙura in koma wata manhajar?

Idan gyaran tsaro ya tsaya, ko sigarka ta kusa ƙarewa babu magajiya a fili, ko kuma ka sayi sabuwar na'ura da tsohuwar sigar ba ta gane ta ba. Kafin ka tafi nesa, duba ko wasu sun ɗauki tushen sun ci gaba da shi da wani suna, domin lasisin ya halatta hakan. Da Oracle ta sayi Sun, kamfanin da ke riƙe da manhajar ofis ta OpenOffice, a 2010, masu aikin OpenOffice da yawa suka ɓalle a watan Satumba suka kafa LibreOffice. OpenOffice ta koma hannun gidauniyar Apache, ta fitar da 4.1 a 2014, ta daɗe a kan wannan lambar tana ƙananan gyare-gyare, ita kuwa LibreOffice tana fitowa sau biyu a shekara. Har yau ina samun kwamfutoci da tsohuwar a ciki don kawai sunanta aka sani. Haka da aka sanar a Disambar 2020 cewa za a yanke CentOS 8 a ƙarshen 2021, cikin 'yan watanni AlmaLinux da Rocky Linux suka fito suka tare gurbin.

Idan za ka ƙaura, fara da fayilolinka: ka tabbata suna cikin sigar ajiya da wata manhajar za ta iya buɗewa, kamar ODT ga takardu, SVG ga zane, PNG ko TIFF ga hotuna. Buɗe guda goma daga cikin mafi muhimmanci a sabuwar, ka buga ɗaya a takarda ka duba layukansa da haruffansa. Ka bar tsohuwar a kwamfutar wata guda kafin ka goge ta.